Igiyar Mai Layi

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Mai Layi kowa yake ce masa. Fentin gidaje ne sana'ar da ke ciyar da shi, amma in ka tambaye shi aikin me yake yi, sai ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya ya ce shi ne mai zana filin ƙwallon garin. Yadda yake faɗa, sai ka ɗauka shi ya zana taswirar ƙasar.

Wanda Allah ya tsare da sanin harkar ƙwallo, bari a yi masa bayani. Gasar ƙasar hawa uku ce, kamar gidan bene. A can sama akwai ƙwararrun da ake nunawa a talabijin, masu askin da iyayensu ba sa so. A ƙarƙashinsu akwai rukuni na biyu, su ma ƙwallon ce aikinsu safe da yamma. Sai can ƙasa, kusa da ƙofar fita, rukuni na uku, wanda aka yayyanka shiyya-shiyya saboda babu ƙungiyar da motarta za ta iya ratsa ƙasar ta dawo da tayoyi huɗu. Nan ƙungiyar garinsu take zaune. 'Yan wasanta wai rabin ƙwararru ne. Ɗaya rabin kuwa, golan mai walda ne, ɗan bayan dama malamin firamare, mai ci musu ƙwallo facin taya yake yi a bakin tasha. Su yi aiki duk mako, su taru da yamma su yi atisaye da ɗan ƙarfin da aiki ya bar musu, ran Asabar su sa riga mai lamba a kira su 'yan wasa.

Wanda ya zo na ɗaya a shiyyarsa zai je ya kara da zakarun sauran shiyyoyi, biyu su hau sama, sauran su koma gida su ce alƙalin wasa ne. Cikin shekara ashirin da uku da Mai Layi ya yi yana zana filin, sau biyu suka kai wannan mataki, sau biyun kuma alƙalin wasa ne.

Shi ma ya taɓa sa riga mai lamba. Lamba uku, bayan hagu. Bai iya ƙwallo sosai ba, amma ya iya hana wanda ya iya. Yana da shekara ashirin da tara wani ya shigo masa da ƙafa biyu a wannan filin, gwiwarsa ta yi ƙarar da 'yan kallo suka ji. Da ya tashi daga jinya ya rasa inda zai kai kansa ran Asabar, sai ya riƙa zuwa yana zama wajen tsohon da ke kula da filin. Da idon tsohon ya fara mutuwa, ya miƙa masa kayan aiki: bokiti biyu, rariya, tsohuwar buta mai dogon baki, turakun ƙarfe, da wata igiya mai kaurin babban yatsa naɗe a jikin katako.

"Mita ɗari ce cif," in ji tsohon. "Ka ɗaura ta a turken da ke kusa da ƙofa ka ja. Inda ta ƙare, nan ne raga."

Bai sake tambaya ba. Wa zai tsaya auna igiyar tsoho?

Duk ƙarshen gasa sai ya tumɓuke ƙarafan raga ya kulle a sito saboda ɓarayin ƙarfe. Ruwan damina ya zo ya wanke layi, ya cike ramuka, ciyawa ta rufe komai. Farkon gasa sai ya ɗauko igiya ya sake auna filin tun daga turken ƙofa, kamar yau aka haifi filin. Sauran Asabar ɗin kuwa, tun rana ba ta yi zafi ba yana can. Ya tankaɗe farar ƙasa kamar mai shirin girki, ya dama ta ba kauri ba ruwa, ya ja zare tsakanin turaku, ya riƙa tafiya da baya yana tsiyayawa da butar, yana jan gurguwar ƙafar. Mutumin da zai yi wa bangon gidan mutane fenti ya bar ɗigo a taga bai damu ba, amma a fili in layi ya karkace da faɗin yatsa, sai ya kankare shi ya sake.

"Da za ka yi wa ɗakina rabin wannan kulawar," in ji matarsa, "da ni ma na hau rukuni na biyu."

"Ke tun da na auro ki a rukuni na ɗaya kike."

"Rukuni na ɗaya da rufi mai yoyo. Ka wanke ƙafarka kafin ka taka min tabarma."

Abu guda yake so a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba: ya zana filin nan don wasan rukuni na biyu, ko sau ɗaya, masu rediyo su zo su kafa teburinsu a gefen layinsa, kafin gwiwar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Duk shekara ta ƙara nauyi, duk shekara ya ce saura bana.

To, a shekara ta ashirin da huɗu alƙalin wasa ya manta da su. Suka cinye shiyya, suka je wasan zakaru, mai faci ya jefa ƙwallo biyu a wasan ƙarshe, suka hau. Garin ya yi kwana uku babu mai aikin kirki. Mai Layi bai yi ihu ba. Ya zauna a bakin sito ya miƙe ƙafa, yana kallon filin kamar manomin da hatsinsa ya nuna.

Sakataren ƙungiyar ƙanin matarsa ne, ma'aikacin gidan waya, mutum mai biro uku a aljihu wanda babu mai rubutu a cikinsu. Shi ya zo gidan da takardar hukumar ƙwallo ta ƙasa.

"Yaya, za a turo mai duba fili. Dokar rukuni na biyu ce. Ɗakin sauya kaya, katanga, ruwa, sai kuma tsawo kada ya gaza mita ɗari."

"Ɗari ne cif."

"Na sani. Ina faɗa ne kawai don ka sa riga mai kyau, kada ka je musu da wannan ta fentin, su ɗauka tutar wata ƙasa ce."

"Kai ka sayi biro mai rubutu tukuna."

Mai duba filin ya zo ran Talata, wani siririn mutum mai tabarau, da alamar an daɗe ana aikensa wuraren da ba ya son zuwa. Ya leƙa ɗakin sauya kaya ya toshe hanci ya rubuta. Ya murɗa famfo, Allah ya taimaka ruwa ya zo. Sannan ya zaro tef ɗin awo mai mita hamsin. Faɗi ya tsallake da ƙyar. Ya auna tsawo, hamsin ta farko, ya kafa turke, ya ja ta biyu. Ya tsaya a gindin raga ya dubi tef ɗin, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Casa'in da uku."

Mai Layi ya yi dariya, shi kaɗai. "Ranka ya daɗe, tef ɗinka ne. Roba ce, rana ta miƙar da ita."

"Baba, da me kake awo?"

Ya tafi sito da ɗingishinsa, ya dawo rungume da igiyar kamar jariri. Aka shimfiɗa ta a ƙasa aka bi ta da tef. Casa'in da uku, har da ɗan guntun da ya tsintsinke a baki. Koci ya sunkuya yana ƙirga ƙulli. Duk lokacin da igiyar ta tsinke cikin shekarun nan, Mai Layi yakan yanke wurin da ya ruɓe ya ƙulla, ƙulli mai kyau irin na wanda ya san aiki. Goma sha tara koci ya samu.

"Shi ya sa!" in ji koci, ya dafe kai. "Shekara da shekaru ina cewa yarana sun fi kuzari a gida, ina ta yabon atisayena. Ashe fili ne ƙarami. Baƙi su doka doguwar ƙwallo ta fita, mu ce ba su iya ba."

Babu wanda ya yi dariya. A rukuni na uku alƙalin wasa raga kawai yake dubawa da iskar ƙwallo, sannan ya tambayi inda zai gudu in wasa ya ɓaci. Ba a taɓa samun wanda ya auna ba.

Mai tabarau ya ce zai dawo bayan mako biyu. In tsawon bai cika ba, hawansu na nan, amma wasanninsu na gida sai a babban filin da ke birnin shiyya, tafiyar awa uku.

Da yamma Mai Layi ya zauna a tsakar gida da igiyar a gabansa, abinci ya huce a gefe. Lissafin bai fita ba. Ƙulli goma sha tara, ko kowanne ya ci taƙi guda, ba za su cinye mita bakwai ba. Ya faɗa sau uku, shi da kansa. Matarsa tana tsinto tsakuwa a shinkafa, ta daɗe a kan ƙwaya ɗaya.

"Baban yara."

"Na'am."

"Ka tuna shekarar da aka haifi autarmu? Da aka kawo motar gireda ta baje filin?"

"Na tuna."

"Igiyar shanyata ta tsinke, ga tsummokin jariri sun taru. Kai kuma ka kawo wannan gida ka jingine bayan ƙofa wata uku."

Ya ɗago kai a hankali.

"Na ga tana da yawa," in ji ta. "Wallahi ko alama ba ta nuna ba."

"Mita nawa?"

"Ni ina na san mita? Daga bishiyar lemo zuwa tagar kicin."

Ya tashi ya taka, daga lemo zuwa taga. Taku biyar da ɗoriya. Ya dawo ya zauna. Autar nan yanzu tana aji biyar a sakandare. Ta jira ya yi faɗa, har ta tanadi amsa, don tana da ajiyar shekara ashirin ta abin da za ta faɗa game da filin nan. Ya jawo kwanon ya ci abincin da sanyinsa, abin da ya fi faɗan ciwo.

Matsalar ita ce, gari ya yarda da layinsa. Shekarar da ta biyo bayan gireda aka yi wa filin katanga, magina suka bi inda ya zana suka bar 'yar tazara. Bayan katangar kuma hukumar gari ta zo ta gina babban lambatu na siminti, wanda ruwan rabin unguwa ke bi. Ta gefen ƙofa titi ne. Mita bakwai ɗin da igiya ta saki, duk an yi musu amfani.

Duk da haka suka gwada. 'Yan wasa suka riƙa zuwa bayan tashi daga aiki, ba don atisaye ba, da guduma da shebur. Suka rushe katangar baya, suka sare wata tsohuwar bishiya, suka tone saiwarta, suka cike ramin. Gola ya yi waldar shingen waya a kan bakin lambatun. Mai Layi ya bar wani gida rabi shuɗi rabi siminti, mai gidan yana aike yana zagi. Kwana goma sha biyu yana tura baro da ƙafa ɗaya da rabi. Da suka gama, aka aro tef wajen wani magini, aka bar 'yar tazarar da doka ta ce a bari bayan raga, aka auna. Casa'in da takwas.

Ana gobe mai tabarau zai dawo, Sakatare ya ja shi bayan sito.

"Yaya, ka lura da yadda yake awo? Tef ɗinsa hamsin ne. Ya auna ta farko, ya kafa turke a tsakiya, ya ba ka bakin tef ka riƙe, shi ya tafi can wajen raga yana ba ka baya. Ka zare turken ka ja baya taku biyu manya. Shi ke nan. Ɗari."

"Kai, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Ina kuma jin tsoron mutanen garin nan. Mita biyu ce fa, Yaya, ba gonar marayu ba. Wa za a cuta? Abu ɗaya kawai: gobe kada ka zana layin tsakiya. In babu layi, ciyawa duk ciyawa ce, babu mai gane inda turke yake. In ya tambaya, ka ce farar ƙasa ta ƙare."

Mai Layi ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya tuna teburin masu rediyo. Ya ce, "To."

Washegari ya zo da niyyarsa. Ya zana gefe da gefe, ya zana layin raga, gidan gola, ɗigon fenareti, har ƙananan bakan kusurwa. Ya miƙe ya dafa ƙugu ya duba. Filin ya yi kyau, sai dai kamar fuska babu hanci. Ya ɗauki bokiti ya nufi sito. A hanya ya ji butar da nauyi, saura kusan rabi, damammiya, in an bar ta za ta daskare. Ya tsaya. Ya ce bari ya ja zaren kawai ya ga inda tsakiyar take yanzu da fili ya ƙaru, ba zai zuba ba. Ya ja zaren. Ai kun san sauran. Hannun da ya yi shekara ashirin da huɗu yana abu ɗaya ba ya jiran shawarar ƙanin mata. Kafin ya farga ya kai ɗaya gefen, har ya kafa turke ya zagaya da'ira.

Da Sakatare ya shigo da baƙon ya hangi layin, fari tas yana ƙyalli, sai da ya dafa shinge.

Aka auna hamsin ta farko. Turken ya sauka taku ɗaya gaba da farin layin, a fili, ko makaho ya shafa zai gane. Mai tabarau ya miƙa wa Mai Layi bakin tef ya tafi. Koci na kallonsa, gola na kallonsa, Sakatare na yi masa alama da ido har kamar wani abu ya faɗa masa a ciki. In ya ja baya taku biyu, zai tsallake layin da ya zana da hannunsa ya koma ɗaya ɓangaren, a gaban kowa. Ya durƙusa a kan gwiwa mai lafiya ya danne bakin tef a gindin turken.

"Arba'in da takwas," in ji mai tabarau daga can. Ya dawo yana naɗe tef. "Casa'in da takwas ke nan. Kun yi ƙoƙari, amma ba ni na rubuta dokar ba." Ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya dubi ƙasa. "Baba, kai ka ja wannan da hannu? Na zaga filaye sun fi arba'in, ban ga layi miƙaƙƙe kamar naka ba."

"Na gode," in ji Mai Layi. Sai da gola ya kama shi ya tashi.

Sakatare ya yi wata guda ba ya shiga gidan. Da ya dawo, yayarsa kawai ya gaisar, ya ce a gaya wa injiniyan layi yana gaishe shi.

Ƙungiya ta koma birnin shiyya. Filin can ciyawar roba ce, da layinta aka saƙo ta daga kamfani, ba ta buƙatar buta ko rariya. Cikin wata biyu aka sallami mai walda da malamin firamare, don rukuni na biyu ba ya jiran a tashi daga aiki. Aka kawo wasu samari daga nesa waɗanda ba su san hanyar garin ba. Mai faci kaɗai aka riƙe, a benci.

Fili kuwa ba ya zama banza. Casa'in da takwas ta wadatar a rukuni na uku, har da canji. Ƙungiyar ma'aikatan kamfanin siminti da ke garin gaba, waɗanda Mai Layi ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagin iyayensu daga bakin layi, suka nemi a ba su aron filin. Shugabansu ya same shi yana kan tsani yana ƙarasa gidan nan mai rabin shuɗi.

"Baba, an ce kai ne mai filin. Za ka ci gaba da zana mana?"

Ya daɗe yana goga buroshi a wuri ɗaya. "Ya ƙaru da mita biyar," in ji shi. "Ku gaya wa yaranku su riƙa cin abinci."

Asabar ɗin farko ta gasa wasannin biyu suka faɗo lokaci guda. Ya gama zane tun da safe, ya zauna a bakin sito da ƙaramar rediyon matarsa a kan gwiwa, don dole ya jira a tashi ya kwance raga. Mai sharhi yana ta cewa masu masaukin baƙi, masu masaukin baƙi, sai da ya ɗan jima kafin ya gane nasu ake nufi. A gabansa 'yan siminti na gudu a kan layinsa da korayen riguna, 'yan kallo ba su fi a ƙirga su ba.

Can aka kaure da gardama a gefen fili, ƙwallo ta fita, ba ta fita ba. Wani mai ƙaton ciki cikin magoya bayan 'yan siminti ya juyo ya ɗaga murya.

"Baba Mai Layi! Kai ka fi kusa. Ta fita ko ba ta fita ba?"

A rediyo an ba baƙi bugun kwana, mai sharhi ya fara sauri.

"Ga layin nan a gabanku," in ji Mai Layi. "Ku duba."

Ya kara rediyon a kunne.